Gado da wasiyya a Birtaniya: Abin da doka ke yi da dukiyar Musulmi bayan rasuwarsa

A yawancin garuruwan ƙasar Hausa, idan magidanci ya rasu ba a cika tambayar ko ya bar takarda ba. Bayan an share makoki dangi kan zauna, a kira malami ko a je gaban alƙali, a lissafa abin da ya bari, a biya bashin da ake bin sa, a fitar wa matarsa tumuni, a ba iyayensa sudusi-sudusi, saura kuma a raba wa 'ya'ya.

A Ingila da Wales kotu ba ta ɗaukar addinin mamaci a matsayin hujjar yadda za a raba dukiyarsa. Doka ta ba kowane baligi 'yancin barin dukiyarsa ga wanda ya so, kuma a ƙarƙashin wannan 'yanci ne Musulmi zai iya neman a raba gadonsa bisa shari'ar Musulunci. Sharaɗin shi ne ya rubuta hakan tun yana raye, ta hanyar da doka ta amince da ita. Idan bai rubuta ba, akwai tsarin rabo na gwamnati da zai fara aiki nan take. Bayan haka kuma akwai harajin gado, wanda yawansa ya dogara da wanda dukiyar ta faɗa hannunsa.

Ga Hausawan da suka daɗe a Landan ko Manchester ko Birmingham har suka mallaki gidaje, waɗannan dokoki na iya shafar mahaifiyar da ke Kano, da matar da aka ɗaura wa aure a masallaci, har da filin da aka saya a Abuja.

Me ke faruwa idan babu wasiyya?

Dokar kula da dukiyar mamata ta 1925, wadda aka yi wa gyare-gyare a shekarun baya, ita ce ta tsara rabon dukiyar wanda ya mutu bai bar wasiyya ba.

Idan mamaci ya bar mata da 'ya'ya, matar ce za ta ɗauki dukkan kayansa na amfanin yau da kullum, kamar mota da kayan ɗaki da tufafi. Sannan za a ba ta fam 322,000 na farko, adadin da ya fara aiki a watan Yulin 2023. Abin da ya rage sai a raba shi biyu, ta ɗauki rabi, 'ya'ya su raba ɗaya rabin daidai wa daida tsakanin maza da mata. Yaron da bai kai shekara 18 ba ana ajiye masa kasonsa har ya kai. Haka tsarin yake idan mace ce ta rasu ta bar miji.

Wannan na nufin idan dukiyar ba ta wuce fam 322,000 ba, 'ya'ya ba za su samu komai ba. Idan kuma babu 'ya'ya, matar ce ke cinye gadon gaba ɗaya. Iyayen mamaci ba su da kaso matuƙar ya bar mata ko ɗa, alhali a shari'ar Musulunci suna cikin magadan da babu mai katange su. Idan aka rasa dangin da doka ta lissafa, dukiyar kan koma hannun hukuma.

Matsayin auren da aka ɗaura a masallaci

Duk wannan gata da doka ta ba mace ya rataya ne a kan a amince cewa matar aure ce a idon dokar Ingila. Auren da aka ɗaura a cikin ƙasar a gida, ko a zauren biki, ko a masallacin da ba shi da rajistar ɗaura aure, ba tare da an cika sharuɗɗan hukuma ba, doka ba ta kallon sa a matsayin aure. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jaddada hakan a watan Fabrairun 2020, a shari'ar wasu Musulmi da aka ɗaura musu aure a wani gidan abinci a Landan a 1998.

Macen da ke cikin wannan hali ba ta da kaso idan mijinta ya rasu babu wasiyya, ko da sun yi shekara 30 tare. Abin da ya rage mata shi ne ta shigar da ƙara a ƙarƙashin wata doka ta 1975, wadda ta ba wanda ya zauna da mamaci tsawon shekara biyu kafin rasuwarsa damar neman abin da zai riƙe kansa. Hanya ce mai cin lokaci da kuɗin lauya.

Auren da aka ɗaura a Najeriya ko Nijar ko Ghana bisa dokar ƙasar, galibi Birtaniya na amincewa da shi, har da auren mace fiye da ɗaya idan a lokacin ɗaura shi mazaunin ma'auratan na dindindin yana ƙasar da ta halatta hakan. A 2010 Babbar Kotu a Landan ta yanke hukunci kan dukiyar wani ɗan Ghana da ya rasu ya bar mata da yawa da gidaje a Ingila, inda ta ce dukkansu matan aure ne, kuma za su raba kason da doka ta ware wa mace ɗaya a tsakaninsu.

Sharuɗɗan wasiyyar da kotu ke karɓa

Kalmar wasiyya a nan ta fi faɗi a kan yadda aka san ta a fiƙihu. A shari'a, wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji. A dokar Ingila kuwa, wasiyya ita ce takardar da ke bayyana makomar dukiyar baki ɗaya. Saboda haka abin da lauyoyi ke kira wasiyyar Musulunci takarda ce da ke umartar a fara da kuɗin jana'iza, a biya basussuka, a fitar da abin da bai wuce sulusi ba ga waɗanda mamaci ya ambata, sannan a raba saura bisa kason da shari'a ta yanka wa kowane magaji.

Dokar wasiyya ta 1837 ta gindaya sharuɗɗa kaɗan amma masu tsauri. Dole ne wasiyya ta kasance a rubuce, mai ita ya kai shekara 18 kuma yana cikin hankalinsa, ya sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa. Faɗar baki a gaban dangi ba ta wadatarwa, haka ma saƙon murya a waya.

Akwai kurakurai biyu da suka fi lalata wasiyya. Na farko, idan shaida ko matarsa na cikin waɗanda aka bar wa wani abu, wannan kason ya faɗi. Na biyu, sabon auren da doka ta amince da shi yana soke tsohuwar wasiyya, sai dai in an rubuta ta ne da ambaton wannan auren. Ma'auratan da suka daɗe da ɗaurin auren masallaci, daga baya suka je ofishin rajista, sukan rushe wasiyyarsu ba tare da sun sani ba.

A cikin wasiyya ne ake naɗa wasiyyi, wato wanda zai tattara dukiya ya biya haraji ya raba, kuma a cikinta ne iyaye ke ambata wanda zai riƙi 'ya'yansu ƙanana idan duka biyun suka rasu. Rubuta wasiyya ba ya hana ƙorafi: mata ko ɗan da ke ganin ba a yi masa tanadin da ya dace ba na iya zuwa kotu a ƙarƙashin dokar 1975, galibi cikin wata shida bayan an ba da takardar izinin raba gado.

A Scotland tsarin ya sha bamban. Can doka ta ba mata da 'ya'ya wani kaso a dukiyar da ba gida ko fili ba, wanda wasiyya ba ta isa ta hana su ba.

Yadda ake lissafin harajin gado

Harajin gado iri ɗaya ne a duk faɗin Birtaniya, kuma hukumar tara haraji ta HMRC ce ke karɓar sa. Fam 325,000 na farko na dukiyar mamaci babu haraji a kai. Abin da ya haura wannan adadi ana cire masa kashi 40 cikin 100. Ba a ƙara wannan iyaka ba tun 2009, duk da yadda farashin gidaje ya tashi, shi ya sa iyalan da ba sa ɗaukar kansu masu arziki suka fara faɗawa ciki. A shekarar haraji ta 2023 zuwa 2024 hukumar ta tara kimanin fam biliyan 7.5 daga wannan haraji.

Akwai ƙarin rangwamen fam 175,000 idan gidan da mamaci ya zauna a ciki ya koma hannun 'ya'yansa ko jikokinsa. Wannan rangwame yana raguwa idan dukiyar ta wuce fam miliyan biyu.

Abin da miji ya bar wa matarsa, ko mata ta bar wa mijinta, babu haraji a kai komai yawansa, kuma rangwamen da na farko bai yi amfani da shi ba yana komawa ga na biyu. Ta haka ma'aurata za su iya barin abin da ya kai fam miliyan ɗaya ga 'ya'yansu babu haraji. Wannan sassauci bai shafi waɗanda ba a amince da aurensu ba. Haka kuma idan mamaci daɗaɗɗen mazaunin Birtaniya ne amma matarsa ba haka take ba, misali tana zaune a Katsina, yafewar na tsayawa ne a fam 325,000, sai dai in ta zaɓi a riƙa ɗaukar ta a matsayin mazauniyar Birtaniya wajen haraji.

Dole a biya harajin kafin ƙarshen wata na shida bayan watan da aka yi rasuwar, in ba haka ba kuɗin ruwa ya fara hawa. A mafi yawan lokuta sai an biya wani ɓangare kafin kotu ta ba da izinin taɓa dukiyar. Harajin da ya hau kan gida ana iya biyan sa kashi-kashi cikin shekara goma.

Inda rabon shari'a da haraji ke karo

A ɗauka wani magidanci ya rasu ya bar gida na fam 600,000 da ajiyar fam 200,000, duka da sunansa shi kaɗai. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku da mahaifiya.

Idan bai bar wasiyya ba, matar za ta samu fam 561,000, 'ya'yan su raba fam 239,000, mahaifiyar ta tashi hannu rabbana. Babu harajin da za a biya a wannan lokaci, domin kason 'ya'yan bai kai iyakar da ake fara cire haraji ba.

Idan ya bar wasiyyar da ta ce a raba kai tsaye bisa shari'a, matar za ta samu tumuni, wato fam 100,000, kuma wannan kaɗai ne aka yafe wa haraji. Sauran fam 700,000 na mahaifiya da 'ya'ya ne. In aka cire rangwame biyu da suka haɗa fam 500,000, za a biya kashi 40 cikin 100 a kan fam 200,000, kimanin fam 80,000 ke nan. Idan babu tsabar kuɗin da ya isa, mai yiwuwa a sayar da gidan da iyalin ke ciki.

Wannan ne ya sa lauyoyin da suka ƙware a wasiyyar Musulunci ke amfani da tsarin amana. Ana rubuta cewa dukiyar za ta shiga hannun wasu amintattu, matar ta ci moriyarta iya rayuwarta, abin da dokar haraji ke ɗauka tamkar ita aka bar wa. Daga baya amintattun su riƙa miƙa wa kowane magaji kasonsa bisa wata takardar jagora da mamaci ya bari. Dokar haraji na kallon wannan miƙawa a matsayin kyauta daga matar, wadda haraji ke faɗuwa a kanta idan ta rayu shekara bakwai bayan haka.

Tsarin na da nasa haɗarin. Takardar jagorar ba ta tilasta wa amintattu a gaban kotu, don haka komai ya dogara ne da gaskiyar waɗanda aka zaɓa. Ta fuskar addini kuma, haƙƙin magada yana tabbata ne daga lokacin rasuwa, saboda haka jinkirta rabo tambaya ce da ake kai wa malamai kafin a sa hannu.

Dukiyar da wasiyya ba ta taɓawa

Ma'aurata da yawa na sayen gida da sunansu su biyu. A Ingila hakan iri biyu ne. A nau'i na farko su biyun sun mallaki gidan dungurungum, kuma idan ɗaya ya rasu gidan na zama na wanda ya rage kai tsaye, ko me wasiyya ta ce. A nau'i na biyu kowa na da kasonsa sananne, wanda zai shiga cikin gadonsa. Wanda ke son a raba kasonsa bisa shari'a sai ya mayar da mallakar zuwa nau'i na biyu, ya kuma sanar da ofishin rajistar filaye. Asusun banki na haɗin gwiwa shi ma yakan koma ga wanda ya rage.

Kuɗin fansho galibi ba ya bin wasiyya. Masu kula da asusun ne ke yanke shawarar wanda za a ba, suna la'akari da sunan da ma'aikaci ya rubuta a fom tun yana aiki, wani lokaci shekaru da dama kafin ya yi aure. Gwamnati ta sanar cewa daga 6 ga Afrilun 2027 mafi yawan kuɗin fanshon da mamaci bai ci ba zai shiga lissafin harajin gado.

Kyauta tun ana raye da sadaka

Hanya mafi sauƙi ta rage haraji ita ce bayarwa tun ana raye. Kyautar da mutum ya yi ya kuma rayu shekara bakwai bayanta ta fita daga lissafi. Idan ya rasu kafin cikar shekarun, ana mayar da ita cikin lissafin dukiyarsa. Kowace shekara mutum na iya kyautar da fam 3,000 babu haraji, da kuma fam 5,000 ga ɗansa ko 'yarsa a matsayin gudummawar aure.

Kuɗin da ake aika wa gida a kai a kai, kamar na cefanen iyaye ko makarantar 'ya'yan 'yan'uwa, na iya samun yafewa gaba ɗaya idan daga rarar kuɗin shiga ake fitar da su, kuma ba su rage wa mai bayarwa yanayin rayuwarsa ba. Sai dai wasiyyi ne zai tabbatar wa HMRC da hakan, don haka ajiye rasit na da muhimmanci.

Wanda ya mayar da gidansa sunan 'ya'yansa amma ya ci gaba da zama a ciki ba ya biyan haya daidai da ta kasuwa, hukumar haraji na ɗaukar gidan a matsayin nasa har ranar rasuwarsa. Masu bin mazhabar Malikiyya sun san makamancin wannan hukunci: kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu tana komawa cikin gado.

Abin da aka bar wa ƙungiyar agaji babu haraji a kai, kuma idan ya kai kashi 10 cikin 100 na dukiyar da ake lissafa wa haraji, ana sauke harajin sauran daga kashi 40 zuwa 36. Tun daga Afrilun 2024 ƙungiyoyin agaji na Birtaniya kaɗai ke da wannan gata. Wanda ke son a gina masallaci ko rijiya a garinsu daga cikin sulusinsa, idan aka aika kuɗin kai tsaye ba za a yafe harajin ba, amma za a yafe idan ya bi ta ƙungiyar da ke da rajista a Birtaniya.

Gidan da ke Kano ko Yamai fa?

Kotunan Ingila na bin ƙa'idar cewa gida da fili suna bin dokar ƙasar da suke, kuɗi da sauran kadarori kuma suna bin dokar mazaunin mamaci na dindindin. Gidan da ke Kano kotun shari'a ce za ta raba shi, gidan da ke Landan kuma dokar Ingila. Wannan ne dalilin da wasu ke rubuta wasiyya biyu, ɗaya ga kowace ƙasa, tare da kula kada ta baya ta soke ta farko.

Haraji kuwa bai san wannan iyaka ba. Daga 6 ga Afrilun 2025, duk wanda ya zauna a Birtaniya shekara 10 cikin shekara 20 da suka gabata, harajin gado na hawa kan dukiyarsa a ko'ina take a duniya, har da filaye da gidajen haya da hannayen jari a Najeriya ko Nijar ko Ghana. Komawa gida bayan ritaya ba ya yanke wannan alaƙa nan take: tana ci gaba tsawon shekara uku zuwa goma, gwargwadon daɗewar da mutum ya yi. Idan wata ƙasa ta karɓi irin wannan haraji a kan kadara guda, Birtaniya na cire abin da aka biya daga nata lissafin.

Idan an riga an yi rasuwa babu wasiyya

Doka ta bar ƙofa ɗaya a buɗe. Cikin shekara biyu da rasuwa, magada na iya rubuta yarjejeniyar sauya rabo, wadda hukumar haraji ke ɗauka tamkar mamacin ne ya tsara ta. Ta wannan hanya matar da doka ta ba kaso mafi tsoka za ta iya miƙa wa surukarta da 'ya'yanta haƙƙinsu na shari'a. Sai dai babu mai iya tilasta mata, dole duk wanda kasonsa zai ragu ya amince, kuma idan sauyin zai rage kason yaro ƙarami sai da izinin kotu. Ƙara kason waɗanda ba mata ba na iya jawo harajin da da farko babu shi.

A Ingila da Wales kowa na iya buɗe shagon rubuta wasiyya ba tare da lasisi ba, yayin da lauyoyi ke ƙarƙashin hukumar da ke sa musu ido, kuma dole su kasance da inshorar biyan diyya idan suka yi kuskure. Kotu kan buƙaci ainihin takardar da aka sa wa hannu, don haka wajibi ne wasiyyi ya san inda aka ajiye ta, tare da jerin asusun banki da takardun filaye da basussuka, har da ragowar sadakin da ba a biya ba. Ana kuma sake duba wasiyya duk lokacin da aka yi aure ko saki ko haihuwa, ko aka sayi gida, ko aka ƙaura zuwa wata ƙasa.